Faiba, Layin Salula ko Tauraron Ɗan Adam: Wanne Zai Riƙe Maka Kasuwancin Intanet?

Duk wanda ya tashi neman intanet domin kasuwancinsa, tambayar farko da yake yi wa mai sayarwa ita ce, "Nawa ne gudunsa?" Shi kuma mai sayarwar dama ita yake jira, domin lambar gudun ce aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin talla: megabit 50, megabit 100, megabit 300. Wannan tambaya ta daɗe tana damuna, saboda na ga masu neman halaliyarsu sun biya kuɗin babbar lamba, amma ranar da kwastoma ya tsaya zai biya, ko ranar da suka kunna bidiyo kai tsaye za su nuna kaya, layin ya ba su kunya. Buƙatar mai kallon fim daban take da ta mai sayar da kaya. Mai kallo karɓa kawai yake yi, in layi ya ɗauke sai ya jira ya dawo. Mai kasuwanci kuwa aikawa yake yi, amsa yake bayarwa, kuma duk mintin da layinsa ya yi a kwance wani ne ke cinikin a madadinsa.

Hanyoyi uku ne akasarin mutane ke zaɓa a tsakaninsu yanzu: wayar faiba da ake jawowa har cikin gini, layin salula na 4G ko 5G da ake sa wa sim a rauta (na'urar da ke rarraba intanet ga wayoyi da kwamfutoci), da kuma farantin da ke magana da tauraron ɗan adam. Ba za ka gane wadda ta dace da kai ba sai ka san abin da ake aunawa.

Abin da lambar talla ba ta faɗa maka

Lambar talla da megabit ake lissafa ta, fayilolin da ke wayarka kuwa da megabait. Bait ɗaya bit 8 ne. Don haka layin da aka ce yana gudun megabit 40 a sakan, megabait 5 yake kawowa a sakan, shi ma in komai ya tafi daidai. Ka kuma lura da ƙaramin rubutun da ke gaban lambar, wanda yawanci yake cewa "har zuwa". Iyakar abin da layin zai iya ke nan a rana mai kyau, ba alkawari ba ne.

Sannan lambar ta saukewa ce, wato abin da ke zuwa maka. Akwai ta biyu, ta ɗorawa, wato abin da ke fita daga wajenka, kuma a kanta ɗan kasuwa yake rayuwa. Hotunan kaya, bidiyon talla, kiran bidiyo da mai kawo maka kaya, ajiyar lissafinka a intanet, duk fita suke yi. Ɗauki bidiyo mai nauyin megabait 300. In ka mayar da shi bit ya zama megabit 2,400. A layi mai ɗora megabit 2 a sakan zai ci minti 20, a mai ɗora 20 kuwa minti 2 ya gama. Bidiyo kai tsaye ya fi haka tsauri, domin hoto mai kyau yana son megabit 3 zuwa 4 a kowane sakan ba yankewa, kuma ba a bin sa bashi.

Akwai wata baiwar Allah da na taɓa taimaka wa, mai nuna kayanta kai tsaye da yamma. Kullum ta fara sai masu kallo su yi ta rubuto mata, "Hajiya, hoton ya tsaya", "Hajiya, ba ma jin ki". Ita kuma tana da tabbacin layinta lafiya lau yake, don ta gwada shi da safe ta ga babbar lamba. Sai da ta zargi wayarta har ta sayi sabuwa, abin bai canza ba. Na ce mata, "Hajiya, ki sake gwadawa a daidai lokacin da kike nunin, kuma ki dubi lamba ta biyu." Da ta gwada, saukewa tana nan da dama-dama, ɗorawa kuwa ko megabit 1 ba ta cika ba. Na ji mata ciwon kuɗin wayar nan ƙwarai, domin da wani ya gaya mata akwai lamba ta biyu, da ba ta kashe su ba.

Abu na uku shi ne jinkiri, kuma shi ne mutane suka fi jahilta. Intanet ba ta ɗaukar saƙo dunƙule guda. Gutsuttsura shi take yi ƙananan ƙunshi, kowane ƙunshi da adireshin inda za shi, rautoci suna ta miƙa wa juna har ya isa. Lokacin da ƙunshi ɗaya ke ɗauka ya je, amsa ta dawo, shi ne jinkiri, kuma da milisakan ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na sakan. Gudun da ake talla kamar faɗin titi ne, jinkiri kuwa nisan tafiya. Ka faɗaɗa titi yadda ka ga dama, nisan yana nan.

Dubi abin da ke faruwa in kwamfutarka za ta buɗe shafin biyan kuɗi a karon farko. Za ta fara tambayar kundin sunaye da ake kira DNS lambar adireshin shafin, zuwa da dawowa ɗaya ke nan. Sai ta yi sallama da saba, wato kwamfutar da aka ajiye shafin a kanta, biyu. Sai su yi musayar mabuɗan sirri don kada wani a hanya ya karanta lambar kati, uku. Sai ta nemi shafin kansa, huɗu. In kowace tafiya milisakan 20 ce, duka milisakan 80 ne, kafin ƙiftawar ido an gama. In kuwa 600 ce, sakan 2.4 ya tafi ko harafi ɗaya bai bayyana ba, ga shi shafi ɗaya yakan ɗebo abubuwa daga saba da yawa. A kiran murya ma, hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin zuwa kaɗai ya wuce milisakan 150, don daga nan ne mutane suke fara katse wa juna magana ba da niyya ba.

Na huɗu ɗorewa. In kamfani ya ce layinsa yana aiki kashi 99 cikin 100 na lokaci, kunne zai ji daɗi, amma kashi ɗayan nan ya fi kwana uku da rabi a shekara. Kashi 99.9 kuwa kusan awa 9 ne. Tazarar da ke tsakanin waɗannan lambobi biyu ta fi muhimmanci ga mai shago a kan tazarar megabit 50 da 300.

Faiba

Faiba zaren gilashi ne mai kusan kaurin gashin kai, haske ke bi ta cikinsa ɗauke da saƙo. A 1966 ne Charles Kao da George Hockham suka nuna a Ingila cewa in aka tsarkake gilashi sosai zai iya kai haske nesa, kamfanin Corning na Amurka ya ƙera irin wannan zare a 1970, kuma a 1988 aka fara amfani da kebul ɗin faiba na farko da ya ratsa tekun Atlantika. Yau kusan duk saƙon da ke tsallaka nahiyoyi ta irin waɗannan kebul na ƙarƙashin teku yake bi. Ko da salula kake hawa, daga turken sabis zuwa gaba galibi faiba ce ke ɗauka. Wanda ya jawo ta gidansa ya rage masu shiga tsakani ne kawai.

Haske yana gudun kusan kilomita 200,000 a sakan a cikin gilashi, kuma ruwan sama ko hayaniyar wayoyin lantarki ba sa taɓa shi. Shi ya sa jinkirin faiba yake ƙanƙane, kuma abin da ya fi burge ni shi ne ba ya hawa da sauka: yadda ka same shi da safe kusan haka za ka same shi da dare. Ɗorawarta ma ta fi ta sauran, har wasu kamfanoni suna sayar da ita daidai wa daida da saukewa. Yawanci kuma ba a ƙirga maka data. Gaskiya ne ita ma ana rabawa. A tsarin GPON da ya fi yaɗuwa, zare ɗaya mai ɗaukar kusan gigabit 2.5 na saukewa da 1.25 na ɗorawa ake rarraba wa gidaje 32 ko 64. Sai dai rabon yana da iyaka, an san adadin masu ci, kuma ba wanda zai shigo daga waje ya ƙara yawansu.

Aibunta na farko shi ne ba ko'ina ta kai ba. Inda ta kai ma sai an zo an auna, an ja waya, wani lokaci an huda bango, kuma akan ɗaure ka da yarjejeniyar watanni. In kana haya ne kuma kana shirin tashi, a nan za ka bar ta. Na biyu, in ta yanke ta yanke gaba ɗaya. Mai haƙa rami ya sare ta, ko babbar mota ta fizge ta daga falwaya, za ka ga jar fitila mai suna LOS tana ƙiftawa a jikin akwatin faibar da ke ɗakinka, kuma babu dabarar da za ka yi daga ɗakinka. Ba a ƙulla gilashi da hannu, sai ma'aikaci ya zo da na'urar da ke narka bakin zaren biyu ta haɗe su. Awa nawa ko kwana nawa zai ɗauka, ya danganta da halin kamfanin, kuma maƙwabtan da suka riga ka ne kaɗai za su gaya maka gaskiyar wannan. Na uku, gilashi ba ya ɗaukar lantarki, don haka in wuta ta ɗauke akwatin da rautar sun mutu, ko da zaren lafiya yake. Ƙaramin batirin ajiya yana maganin wannan, don abin da suke ci kaɗan ne.

Ka yi hattara da suna kuma. Akwai masu kawo faiba zuwa wani akwati a bakin titi, daga nan su ƙarasa da tsohuwar wayar tagulla, su kuma kira abin faiba. Tagulla tana rage ƙarfi gwargwadon nisa. Tsohon tsarin ADSL2+ da ke bin wayar tarho iyakarsa megabit 24 ne a saukewa, ɗorawa kuwa kusan 1 kacal. Ka tambaya ƙarara, "Gilashin ne zai shigo har cikin ɗakina?"

Layin salula

An fara sayar da 4G ga jama'a a Disamba 2009 a biranen Stockholm da Oslo, 5G kuma ta fara yaɗuwa a 2019, Koriya ta Kudu na cikin na sahun gaba. Daɗin salula a bayyane yake. Ka sayi rauta da sim yau, ka fara aiki yau. Ka tashi da ita duk inda za ka. In kamfani bai yi maka ba ka cire sim ka sa wani. Ga wanda ya fara kasuwanci da ɗan abin da ke hannunsa, wannan sauƙin ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba na son a raina shi.

Matsalar ita ce iska ta kowa ce. Duk wayar da ke ƙarƙashin turke ɗaya daga ƙarfinsa take ɗiba, kuma ba wanda ya ƙayyade yawansu. Da asuba kai da mutum kaɗan ne, da yamma kowa ya dawo ya buɗe bidiyo. Layukan sabis da kake gani a saman waya ƙarfin siginar kawai suke nunawa, ba su san yawan masu rabon ba. Shi ya sa za ka ga sabis a cike fal amma hoto ɗaya ya ƙi tafiya. Abin takaicin shi ne lokacin cunkoson shi ne lokacin da kwastomomi suka fi kasancewa a kan waya.

Ɗorawa ta fi shan wahala, kuma akwai dalili. Turke yana magana da babbar murya, da ƙarfin watt gommai, daga sama. Wayarka kuwa iyakarta kusan kashi ɗaya cikin biyar na watt ɗaya, daga cikin ɗaki, ta bayan bango. Kana jin turken sarai, shi ne ba ya jin ka sosai. Bugu da ƙari, yawancin tsarin 5G an raba lokacinsa ne ta yadda saukewa ke samun kaso mafi tsoka. Abin da ya sami Hajiyar can ke nan. Jinkirin 4G yakan kasance milisakan gommai, abin da ya isa a yi kira da biyan kuɗi, sai dai yana tsalle in cunkoso ya zo.

Tambarin 5G a kan waya ma ba abu ɗaya yake nufi ko'ina ba. Ƙananan zangon igiyar rediyo irin na megahaz 700 suna tafiya nesa suna ratsa bango, amma gudunsu bai yi wa 4G nisa sosai ba. Na gigahaz 3.5 ne ke ba da gudun da ake yayatawa, shi kuma bango mai kauri yana rage shi. Gani ya kori ji: sai ka kai rautar inda za ka yi aiki ka gwada.

Sai batun data, wanda lissafinsa ke ba mutane mamaki. Abin da ka ɗora ma ana ƙirgawa. Nunin kaya na awa ɗaya a megabit 4 yana cin gigabait 1.8. Ka yi haka kullum, gigabait 54 ke nan a wata, ba a sa komai a kai ba. Tsarin da ake ce wa marar iyaka kuma sau da yawa yana da wani adadi a cikin sharuɗɗa, wanda in ka kai shi za a shaƙe gudun har ƙarshen wata. Ka nemi adadin, ka kuma tambayi gudun da ake barin mutum da shi bayan an shaƙe.

In salula ka zaɓa, ka saya mata rautarta ta kanta. Raba intanet daga wayar hannu dabara ce ta wucin gadi: wayar za ta yi zafi, batir ya ƙare, kuma ranar da mai wayar ya fita aike shagon ya zauna a duhu. Ka ɗora rautar a sama kusa da tagar da ke fuskantar turke. In siginar ba ta da ƙarfi, eriyar waje da aka kafa a kan rufi tana iya canza labarin gaba ɗaya, musamman a ɗorawa, don murya ce ka ƙara wa ɓangaren da ba a ji.

Tauraron ɗan adam

Iri biyu ne, kuma haɗa su wuri ɗaya kuskure ne babba. Tsohon iri yana tsaye ne a kilomita 35,786 a saman tsakiyar duniya, yana juyawa daidai da juyawarta, shi ya sa ake kafa faranti sau ɗaya a bar shi. Tambayarka za ta hau ta sauka, amsa ta hau ta sauka, kusan kilomita 143,000 ke nan. Ko da gudun haske, wannan tafiya tana cin kusan rabin sakan, a aikace kuma kusan milisakan 600. Babu injiniyan da zai gyara wannan. Imel da saƙon rubutu za su tafi, amma ciniki ta kiran bidiyo zai zama wahala. In da wani zaɓi, kada ka ɗauki wannan.

Sabon iri yana shawagi ƙasa-ƙasa. Kamfanin SpaceX ya harba rukunin farko na taurarin Starlink guda 60 a Mayu 2019, kuma yawancinsu suna kusan kilomita 500 ne daga ƙasa. OneWeb nata suna kusan kilomita 1,200, kuma ta fi hulɗa da kamfanoni da hukumomi. Kusancin nan ya mayar da jinkiri milisakan gommai, kusa da na salula. Sai dai tauraro a wannan tsayi ba ya tsayawa, yana zagaya duniya cikin kusan awa ɗaya da rabi, don haka farantin kullum cikin sakin wannan ya kama wancan yake. Wannan ne ya sa yake buƙatar sarari buɗaɗɗe. Reshen bishiya ɗaya ko gefen dogon gini zai riƙa yanke maka layi na 'yan sakanni a kai a kai. Mai kallon fim ba zai ji ba, don na'urarsa ta tara na gaba ta ajiye. Mai nunin kai tsaye kuwa duk yankewa a fuskarsa za ta fito.

Ruwan sama mai ƙarfi yana rage shi, wani lokaci ya ɗauke shi har hadarin ya wuce. Babban farantinsa yana cin wuta tsakanin watt 50 da 100, alhali rauta ta yau da kullum kusan 10 take ci, kuma wanda ke aiki da batir ko hasken rana dole ya sa wannan a lissafi. Sai ka sayi kayan tun farko da kuɗi mai kauri, kuma sai ƙasar da kake ta ba kamfanin lasisi. Ɗorawarsa ta yi ƙasa da saukewarsa nesa ba kusa ba. Shi ma rabawa ake yi a tsakanin masu faranti na yanki ɗaya, shi ya sa ya fi daɗi inda mutane suka yi ƙaranci, a cikin babban birni kuma yakan cunkushe.

Abin da ya fi kowa da shi shi ne bai dogara da ramin da ke ƙofar gidanka ko turken da ke bayanka ba. A Janairu 2022 aman wutar dutse ya tsinka kebul ɗaya tilo da ke haɗa tsibiran Tonga da sauran duniya, aka yi kusan mako biyar kafin a gyara, kuma ɗan abin da ya rage musu na sadarwa a lokacin ta tauraro ya bi.

Daga rauta zuwa teburinka

Sau da yawa kamfani ake zagi alhali laifin yana cikin ɗaki. Ka jawo faiba mai kyau ka jefa rautar a bayan kabad, Wi-Fi ɗin zai lalata komai. Zangon gigahaz 2.4 yana ratsa bango, amma hanyoyi uku kawai yake da su da ba sa taka juna, wato 1 da 6 da 11, kuma duk maƙwabta a kansu suke. Na gigahaz 5 ya fi sarari da gudu, sai dai ba ya nisa. Duk abin da ba ya motsi, kamar kwamfutar karɓar oda da na'urar kyamarori, ka haɗa shi da waya. Kebul ɗin Cat5e yana ɗaukar gigabit ɗaya har nisan mita 100, ba ruwansa da maƙwabci. In kana ba baƙi Wi-Fi, ka buɗe musu nasu daban, kada su zauna zaure ɗaya da na'urar da ke taɓa kuɗi. Ka kuma canza kalmar sirrin da rautar ta zo da ita tun ranar farko.

Akwai kuma batun adireshi. Tsohon tsarin IPv4 adireshi kusan biliyan 4.3 kawai yake da su, kuma babbar ma'ajiyarsu ta ƙare a Fabrairu 2011. Saboda haka kamfanonin salula da na tauraro yawanci suna cusa kwastomomi da yawa a bayan adireshi ɗaya. Kai za ka iya fita, amma daga waje ba a iya ƙwanƙwasa ƙofarka kai tsaye, kuma in wani da kuke adireshi ɗaya ya yi ɓarna, wasu shafuka za su riƙa tsare ka da tambayar ko kai mutum ne. In kana buƙatar shiga wata na'urar ofis kai tsaye daga nesa, ka tambayi ko suna ba da adireshi na kanka, kuma kamfanonin faiba sun fi yawan bayarwa. Amma kada wannan ya sa ka ajiye shafin shagonka a kwamfutar gida. Shafi wurinsa sabar kamfanin da ke ajiye shafuka. Ta haka in layinka ya ɗauke shagon yana buɗe, oda tana shigowa, kai ne kawai ba ka gani sai ka dawo.

To wanne za ka ɗauka?

In cinikinka saƙo ne da hotuna, kai kaɗai ne, kuma kana yawo, salula ta ishe ka, kada wani ya sa ka kashe kuɗin da ya kamata ya shiga jari. In kana da wuri tsayayye, da ma'aikata, kana karɓar kuɗi da kati ko kana nunin kai tsaye, kuma faiba ta kai wurin, ka ɗauke ta ko da ƙaramin tsarinta ne. Ni a wurina megabit 30 na faiba mai ɗorawa a tsaye ya fi megabit 200 na iska da ke gudu da yamma. In kana nesa da gari, ka fara gwada salula da eriyar waje, in ta gaza sai ka koma tauraro na ƙasa-ƙasa, bayan ka tabbatar kana da sarari a sama da wutar da za ta riƙe shi.

Kafin ka sa hannu a komai, ka ba kanka mako guda. Ka samo sim na kamfanoni biyu, ka gwada su da manhajar auna gudun intanet ta Speedtest a daidai inda teburinka zai zauna, da safe, da rana, da kuma lokacin da cinikinka ya fi zafi. Ka rubuta lambobi uku kowane karo: saukewa, ɗorawa da jinkiri. Mafi munin sakamako shi ne abin dubawa, don da shi za ka rayu ranar da kake buƙata. Ga faiba kuwa, ka tambayi mutum biyu ko uku da ke amfani da ita a kusa, "Yaushe ta yanke muku na ƙarshe, kuma kwana nawa aka yi kafin a zo?"

Duk wanda ka zaɓa, ina roƙonka ka yi masa na biyu. Ranar 8 ga Yuli 2022 wani kuskure wajen sabunta tsari ya kwantar da kamfanin Rogers na Kanada baki ɗaya, intanet ɗin gida da layin salula lokaci guda. Miliyoyin mutane suka rasa sadarwa, tsarin biyan kuɗi da kati na Interac ya tsaya, shaguna suka koma sai mai kuɗi a hannu. Wanda faibarsa da sim ɗinsa duk na kamfani ɗaya ne, a ranar ya gane layi ɗaya yake da shi. Don haka na biyun ya zama na wani kamfani dabam, kuma ya bi wata hanya dabam: in na farko ta ƙasa yake bi, na biyu ya bi ta iska. Ba sai mai tsada ba. Na'urar karɓar kati da saƙon oda abin da suke ci bai taka kara ya karya ba, ƙaramar data a sim na biyu za ta riƙe su kwanaki.

Akwai rautoci masu ramin waya da ramin sim tare, waɗanda ke komawa kan sim da kansu in faiba ta faɗi. In ka sayi irinta, ka zaɓi wata safiya da babu ciniki, ka zare wayar faibar da hannunka, ka duba agogo ka ga sakan nawa ta ɗauka kafin ta juya, sannan ka gwada biyan kuɗi ɗaya a haka. Ka riƙa maimaita wannan duk wata, ka kuma duba cewa datar sim ɗin ba ta ƙare ba, domin kamfanoni suna rufe layin da ya daɗe ba a taɓa shi ba.